Takardun bincikena sun fi ƙarfina, wace manhaja zan kama?

Rukayya (Nima): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da dogon saƙo, abin ne ya kai ni maƙura. Ina shekara ta biyu a digiri na biyu a Jami'ar Ghana da ke Legon, bincikena a kan fataken goro da malaman da suka watse daga garin Salaga na arewacin Ghana bayan yaƙin basasar 1892, da yadda zuriyarsu ta ƙare a zangon Kumasi da na Accra. Kayan aikina yanzu: littattafan rubutu uku da suka cika maƙil, hotunan tsofaffin takardu fiye da 1,000 a waya, hira 23 da na naɗa da dattawa, wasu ma a WhatsApp aka turo min muryar, sai tulin PDF da ban san adadinsu ba. Makon jiya malamin da ke duba aikina ya ɗora yatsa a kan jimla ɗaya ya ce, "Wa ya gaya miki wannan fatoman ya koma Kumasi?" Wallahi na san na ji, na san na rubuta. Kwana uku ina haƙa. A ƙarshe na same shi a gefen shafin da na rubuta lissafin cefanen azumi, tsakanin gero da sukari. Ina son manhajar da zan zuba komai a ciki, kuma ta riƙa nuna min cewa wannan mutumin da aka ambata a nan shi ne wancan da aka ambata can. Wacce zan kama?

Alhasan (Sabon Zango): Wa alaikumus salam. Tsakanin gero da sukari! To ai fatoman ya samu masauki mai kyau.

Mariama (Asawase): Rukayya, kar ki wahalar da kanki, Notion. Mu biyar muke aiki tare a jami'ar KNUST ta Kumasi a kan asibitocin unguwanni, duk a ciki muke. Ki yi tebur ɗaya na mutane, ɗaya na garuruwa, ɗaya na hirarraki, ki ƙulla su da juna. Kina taɓa Salaga duk wanda ya fito daga can zai jeru a gabanki. Kuma idan kika yi rajista da imel ɗin makaranta suna ba ɗalibai babban tsarin kyauta.

Suraju (Madina): Mariama, ku biyar ne, shi ya sa. Aikin taro Notion ba shi da na biyu, ban musa ba. Amma Rukayya ita kaɗai ce, kuma kayanta na shekaru ne. Ni Obsidian zan ce. Dalilina ɗaya ne babba: duk abin da kika rubuta yana zaune a kwamfutarki, a cikin folda, kowane rubutu fayil ne na zallar haruffa da ake kira Markdown. Ko gobe kamfanin ya rufe, Notepad ma zai buɗe miki shi. Ba ruwansa da intanet, ba ruwansa da data. An ɗauke wuta, in dai da caji a laftof, aiki na tafiya. Ƙulla rubutu kuwa, baka biyu masu kusurwa kawai za ki sa wa suna, kamar haka [[Salaga]], shi ke nan ya zama ƙofa. Ki shiga shafin Salaga, a gefe za ki ga duk wuraren da kika taɓa ambatonsa, ko hira ce, ko takardar Turawa ce. Tun 2020 ya fito, kuma kyauta ne.

Mariama (Asawase): Yaya Suraju, wannan zargin na intanet ya tsufa. Tun 2025 Notion ya sa a iya sauke shafi a yi aiki ba layi.

Suraju (Madina): Sai kin tuna kin sauke shafin kafin layin ya tafi. Kuma asalin kayan yana sabarsu, ba hannunki ba. Zanen aro ba ya rufe katara, ƙanwata.

Mariama (Asawase): To naka zanen fa, ranar da aka fizge laftof a motar haya ta tirotiro? Nawa yana nan, in ari kwamfutar kowa in shiga. Naka ya tafi da ɓarawo.

Suraju (Madina): Nan kam kin kama ni. Gaskiya ne, wanda ya zaɓi ajiye kayansa a gida shi zai yi gadi. Ni duk Juma'a bayan masallaci nake kwafe foldar a filas, kuma tana cikin Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Su ma masu Obsidian suna da nasu tsarin daidaita waya da kwamfuta, amma na kuɗi ne, dala 4 a wata in ka biya na shekara, lokacin da na duba. Sai an nemi kati, kuɗin waya na MoMo ba ya shiga kai tsaye.

Dakta Fusaini (Adenta): Salamu alaikum. Na karanta duka. Rukayya, kafin ki shiga rigimar waɗannan biyun, matsalarki ba ɗaya ba ce, uku ce, kuma kina neman tukunya ɗaya ta dafa miki tuwo da miya da shayi.

Ta farko, littattafai da maƙalu da PDF. Wannan ba aikin Notion ba ne, ba na Obsidian ba. Zotero ne. Tun 2006 yake, daga Jami'ar George Mason ta Amurka ya fito, kyauta. Yana riƙe sunan marubuci da shekara da shafi, kina karanta PDF a cikinsa kina ja wa layi kala, kuma yana shiga cikin Word ya jera miki manazarta a ƙarshen kundi da kansa. Duk ɗalibin da ya zo min da manazarta da ya buga da hannu, ina gane shi tun daga shafin farko, don sai ka ga littafi ɗaya da shekara biyu. Wurin ajiyarsu na kyauta megabait 300 ne kacal, PDF talatin masu nauyi sun cinye shi, amma wannan na tura fayil sabarsu ne, a kwamfutarki ba iyaka.

Ta biyu, hotunan nan 1,000. Akwai wata manhaja da mutane ba su cika sani ba, Tropy, daga cibiyar da ta haifi Zotero. Don masu ɗaukar hoto a ma'ajiyar tarihi aka yi ta. Wasiƙa mai shafi shida da kika ɗauka hoto shida, sai ki haɗe su su zama abu ɗaya, ki rubuta lambar fayil, da inda kika samo, ma'ajiyar tarihin ƙasa ta PRAAD ce ko ta fadar Manhyia a Kumasi ko tarin rubuce-rubucen Larabci na Cibiyar Nazarin Afirka da ke nan Legon, ki kwafe abin da ke ciki a ƙasan hoton. A kwamfuta kawai take aiki, ban da waya.

Ta uku ita ce tunaninki, wato wane ne wane, wa ya karantar da wa, wa ya sauka a gidan wa. A nan ne kawai rigimar Suraju da Mariama ta shafe ki.

Rukayya (Nima): Dakta, na gode ƙwarai. Amma manhaja uku? Ni da na zo neman ɗaya a rage min kaya.

Dakta Fusaini (Adenta): Yanzu ma ai guda shida kike amfani da su ba ki ƙirga ba: WhatsApp, hotunan waya, Word, imel, littafin rubutu, da takardar cefane.

Malam Awudu (Aboabo): Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ba ɗan zamani ba ne, jikana ne ya sa ni a zauren nan, amma maganar ta taɓo inda nake. 'Yata Rukayya, abin da Suraju yake kwatantawa ba sabo ba ne a wurinmu. Littattafan mahaifina da ke cikin gafaka ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne. A ƙasan warƙa, can kusurwa, mai kwafe yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Ko iska ta watsa su a tsakar gida, da wannan kalma ɗaya ake mayar da kowace wurinta. Gefen shafi kuma cike yake da hashiya: wannan malam wane ya faɗa, wannan duba littafi kaza. Sannan ga isnadi, wane daga wane daga wane. To mutanen da kike bincike a kansu da haka suka riƙe iliminsu. Abin da nake jin tsoro shi ne na'ura ta riƙe miki, ke kuma kanki ya zama fanko. Mu abin da muka kwafa da hannu ba ya fita.

Suraju (Madina): Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Mu kullum wani Bajamushe ake kawo mana misali, Niklas Luhmann, malamin ilimin zamantakewa a Bielefeld, da ya rasu a 1998 ya bar katuna wajen 90,000 a akwatuna, kowane da lamba, wannan na nuni zuwa wancan. A kansa masu waɗannan manhajoji suke ta tinƙaho. Ashe gafakar kakanninmu na nan.

Malam Awudu (Aboabo): Shi ma Bajamushen ai da hannu ya rubuta, ko ba haka ba?

Suraju (Madina): Da hannu, Baba.

Malam Awudu (Aboabo): To.

Alhasan (Sabon Zango): Baba Malam ya gama da ku da harafi biyu. Ni dai Word na yi nawa kundin da shi, folda ɗaya, fayil ɗaya kowane babi, na gama lafiya. Abokina da ya kama irin manhajar Suraju wata huɗu yana gyara kala da ƙara mata tarkace, kullum sai ya turo min hoton wannan saƙar gizo-gizon da take zanawa, ɗigo-ɗigo da zare, ya ce in ga yadda iliminsa ya yi rassa. Har yau bai miƙa babi na biyu ba.

Dakta Fusaini (Adenta): Alhasan bai yi ƙarya ba, na ga irinsu da yawa. Saƙar gizon nan kyan kallo ne da ita, amma ban taɓa ganin wanda ta rubuta wa sakin layi ba. Sai dai kai Alhasan, kundinka a kan harajin kasuwa ne, alƙaluma ne da tambayoyi. Na Rukayya mutane ne, kuma mutanen da kowannensu yake da suna huɗu. Bari in ba da misali da wanda kowa ya sani. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi ya yi limanci har ya rasu a 1934. A littattafan Turanci za ki gan shi Imam Imoru. A kundin rubuce-rubucen Larabci al-Hajj Umar ibn Abi Bakr. A Najeriya wasu su ce Umaru Salaga. Dattawanmu kuma su jingina shi da Karaci. Ki buga ɗaya a wurin nema na Word, sauran ukun ba za su fito ba. Nan ne Word yake gazawa.

Rukayya (Nima): Dakta, kamar ka leƙa littafina! Ba mutane kaɗai ba, har garuruwa. Tsofaffin da na yi hira da su ba mai cewa Accra, Ankara suke cewa. Gonja kuma Gwanja. Ranar da na nemi Ankara a intanet sai ga ni a Turkiyya.

Suraju (Madina): To wannan kam Obsidian ya tanada. A saman kowane shafi akwai wurin sa laƙabi. Ki buɗe shafi ɗaya na Alhaji Umaru, ki jera duk sunayen a matsayin laƙabinsa. Daga nan ko wanne kika fara bugawa cikin baka, shafin ɗaya zai kai ki. Har ma yakan nuna miki wuraren da sunan ya fito a tsofaffin rubutunki ba ki ƙulla ba, ki bi ki ƙulla.

Mariama (Asawase): A Notion ma sai ki ƙara layi ɗaya a tebur ki kira shi "sauran sunaye". Ba wani abin mamaki ba ne.

Suraju (Madina): Za ki same shi in kin nema, amma ba zai zo ya same ki kina cikin rubutu ba.

Rukayya (Nima): Wani abu kuma. Ƙ da ɗ da ɓ fa? A waya ina da su a Gboard, a laftof ba ni da su, don haka rabin rubutuna "ƙasa" rabi "kasa". Sannan wasu takardun da ajami suke.

Suraju (Madina): Wannan ba manhajar da za ta yi miki maganinsa, don a wurin kwamfuta k da ƙ haruffa biyu ne daban, kamar b da m. Ki nemi "kasa", "ƙasa" ba za ta fito ba. Ki sa Keyman a laftof, ko ki ƙara allon Hausa na Windows, ki tsaya a kan rubutu ɗaya daga yau. Sunayen shafuka kuma ki sa marar lanƙwasa a laƙabi, saboda ranar da kike sauri. Rubutun dama zuwa hagu yana shiga Obsidian, sun gyara shi sosai a 2024. Amma kar ki sa rai wata na'ura za ta karanta miki ajamin hannu daga hoto. Na gwada da wata wasiƙar kakana, abin da ya fito ko aljani ba zai karanta ba.

Malam Awudu (Aboabo): Ki kawo min su in kin zo Kumasi, 'yata. Idona bai mutu ba tukuna.

Rukayya (Nima): Allah ya saka da alheri, Baba Malam. Zan zo da goro.

Hajiya Sa'adiya (Mamobi): Ina ta karatu ban ce komai ba, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Rukayya, hirarrakin nan 23. In dai dattawan zango ne, na tabbata maganar ba ta tsaya a goro ba, sai ta gangaro 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Akwai gidajen da har yau ba sa son a san daga ina kakansu ya zo, ko wa ya sayi gidan wa da araha a wancan lokacin. Tsoho ya yarda ya gaya miki don ya san uwarki, ba don ya san wani kamfani a Amurka ba. Ni na yi aikin tattara bayanai shekaru, kuma akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843. Ba na cewa kar ki sa komai a intanet. Ina cewa muryoyin da sunayen gaskiya su zauna a wurinki, a rubutun kuma ki ba kowa lamba ko sunan aro. Takardar da ke fassara lambobin kuma ta zauna a littafi, a akwati. Kuma don Allah kar ki ɗauki muryar tsoho ki loda wa waɗannan masu ƙirƙirarriyar basira su rubuta miki, ba tare da ya sani ba.

Mariama (Asawase): Hajiya, wannan gaskiya ne. Mu ma lambobi muke sawa a Notion, sunayen marasa lafiya ba sa shiga. Na janye rabin maganata, amma rabi kawai.

Rukayya (Nima): Anti Hajiya, jikina ya yi sanyi. Akwai mutum biyu da suka ce min "wannan tsakanina da ke ne", kuma muryarsu tana cikin waya tare da hotunan biki. Yau zan kwashe su.

Isiyaka (Ashaiman): Ku gafarce ni na shigo a makare. Ba wanda ya ambaci OneNote da Evernote? OneNote kyauta ne, yana naɗar murya kana rubutu, in ka taɓa layin sai ya kai ka daidai wurin a muryar. Don hira ai ya dace.

Dakta Fusaini (Adenta): Don ɗaukar darasi a aji OneNote yana da kyau. Wajen ƙulla mutum da mutum ne yake da nauyin jiki, kuma fitar da kaya daga cikinsa aiki ne. Evernote kuwa labarinsa ya isa darasi: wani kamfanin Italiya, Bending Spoons, ya saye shi, a ƙarshen 2023 aka mayar da tsarin kyauta rubutu 50 da littafi ɗaya. Ba laifi ba ne, kasuwancinsu ne. Amma duk manhajar da za ki shiga, ki fara duba ƙofar fita. Wanda yake son irin Evernote ba tare da biya ba, ga Joplin nan, yana ma karɓar kayan Evernote kai tsaye.

Isiyaka (Ashaiman): Logseq fa? Na ji ana yabonsa.

Suraju (Madina): Ɗan'uwan Obsidian ne, shi komai a jere yake ɗigo bayan ɗigo. In haka kanka yake aiki, bismilla. Kar dai mu cika wa Rukayya faranti.

Rukayya (Nima): Ya riga ya cika. Tambaya ta ƙarshe: wata bakwai ya rage min in miƙa. In tsaya in kwashe komai in zuba a sabon wuri?

Dakta Fusaini (Adenta): A'a! Ba a fafe gora ranar tafiya. Zotero ki sa yau, wannan yini ɗaya ne. Sauran kuwa, babin da kike rubutawa yanzu shi kaɗai za ki shigar. Kin ci karo da mutum, ki buɗe masa shafi, ki rubuta abin da kika sani a kansa da bakinki, ba kwafe ba, kowace magana da inda kika samo ta: hira ta 7 minti na 14, ko littafi na 2 shafi na 31. Littattafan rubutunki ki bi su ki sa wa shafukan lamba da biro, ba sai kin sake buga su ba. Kuma kar ki ƙara wa manhajar ko tarkace ɗaya sai kin yi wata guda.

Alhasan (Sabon Zango): Har da shafin gero da sukari a sa masa lamba.

Rukayya (Nima): Shi ne shafi na 58, littafi na biyu. Na riga na sa.

Rukayya (Nima): Salamu alaikum, na dawo bayan kwana goma. Zotero ya zauna, PDF 140 ashe nake da su, 19 maimai ne. Tropy na fara, na kai hoto 200, akwai wajen 30 da ban san daga wane fayil na ɗauko su ba, sai na koma ma'ajiyar. Obsidian na kama, Mariama ki yafe ni. Shafin mutane 41 na buɗe zuwa yanzu. Jiya da dare ina shigar da hira ta 16, wadda na yi da wata tsohuwa a Aboabo, na fara buga sunan maigidan da ta ce kakanta yakan sauka a wurinsa, sai shafin ya taso da kansa. Ashe wani dattijo a nan Nima ya ambace shi a hira ta 4, wata takwas da suka wuce, da wani laƙabi daban. Mutum ɗaya ne, ko kuwa uba da ɗa ne masu suna ɗaya, ban sani ba tukuna.

Malam Awudu (Aboabo): Kar ki yi saurin haɗa su. A gidajen fatake suna yakan dawo bayan kaka. Ki tambayi tsohuwar ko mai tsaga ne a fuska, kuma wace shekara ya yi aikin hajji, kafin jirgin sama ko bayansa.

Mariama (Asawase): Na yafe, amma ranar da za ki zo Kumasi ki zo da laftof ɗin in ga abin da idona. Kin kwafe a filas kuwa?

Rukayya (Nima): Ban kwafe ba.

Suraju (Madina): Rukayya!

Rukayya (Nima): Yanzu zan aiki ƙanena kasuwar wayoyi ta Circle ya sayo. Gigabait nawa zan ce masa?

Suraju (Madina): 64, saboda muryoyin da hotunan. Guda biyu, ɗaya ki ajiye a gidan Anti Hajiya. Kuma ya sa a gwada masa a wurin kafin ya biya.